Mafarin Ƙarfin Damtse

Duk wanda ya taɓa zama a filin dambe bayan kaka, ya ga siririn saurayi, wanda damtsensa bai fi kaurin taɓarya ba, ya kai wa ƙato naushi ɗaya ya shimfiɗe shi a ƙasa, lalle ya ji 'yan kallo suna cewa asiri ne ko laya. Alhali kuwa sirrin yana cikin hikimar da Mahalicci ya tsara jikin ɗan Adam a kanta, domin ƙarfin da ke fita daga dunƙulen hannu tun daga tafin ƙafa yake tasowa, ya bi ta cinya da kwankwaso, ya ratsa tsokokin ciki da na gadon baya, sa'an nan ya isa kafaɗa. In kuwa tsakiyar nan ta yi rauni, sai ya tsiyaye a hanya kamar ruwa a tulu mai huda.

Wannan magana tana da hujja. A shekarar 1985 aka buga binciken Filimonov da abokansa, masana na Tarayyar Sobiyet, waɗanda suka auna naushin 'yan damben zamani, suka tarar cewa a wajen gwanaye kimanin kashi 38 cikin ɗari na ƙarfin daga tunkuɗar ƙafa yake, 37 daga murɗawar gangar jiki, hannu kuwa, wanda shi ake yi wa kirari, rabonsa 24 ne kacal. Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne wanda Hodges da Richardson suka bayyana a Ostireliya a 1996. Akwai wata tsoka can ciki wadda ta kewaye cikin mutum tamkar ɗamara, ita ce takan riga ta ɗaure tun kafin tsokar kafaɗa ta motsa, ba da niyyar mai ita ba, don ƙashin baya ya tsaya kyam hannu ya sami madogara. Ga masu fama da ciwon baya kuwa, sai suka ga takan makara. Mai faskare ya san wannan a aikace, ko da bai taɓa jin sunan tsokar ba.

Ba na cewa a bar horar da hannu, ƙugu shi kaɗai ba ya cin gasa. Takaicina dai shi ne samarinmu da na gani a gidajen motsa jiki, suna yini suna ɗaga ƙarfe don kumbura ƙwanji da ƙirji, sun yi watsi da ciki da baya, har nauyin da ya kamata gangar jiki ta ɗauka ya koma kan kafaɗa, ita kuwa gaɓa ce mai saurin gocewa.

Don haka ina roƙon masu horar da 'yan dambe da 'yan kokawa, daga Kano har Tawa, su ware wa ƙugu da gadon baya nasu lokaci a kowace rana, tun yaro yana sabon shiga.