Hasumiyar Abuja: Gidan abinci mai juyawa da ake jira tun 2006

Duk wanda ya ratsa tsakiyar Abuja ta wajen Babban Masallacin Ƙasa, da wuya idonsa ya kauce wa wasu dogayen ginshiƙai uku na kankare da suka tokare sama, da wani ƙaton faifai maƙale a jikinsu can ƙololuwa. Wannan ita ce Hasumiyar Millennium, mai tsawon mita 170, wadda babu ginin da ya kai ta tsayi a babban birnin tarayya.

A cikin wancan faifai, sama da mita 100 daga ƙasa, aka tsara buɗe gidan abinci da zai riƙa juyawa a hankali. Mutum na zaune da farantinsa, birnin ya dinga wucewa ta gabansa: Dutsen Aso, Majalisar Dokoki ta Ƙasa, masallaci, Babban Cocin Ƙasa, har zuwa unguwannin gefe.

An fara aikin a 2006. Har yau ba a dafa ko shayi a wurin ba.

Yadda ɗakin ke juyawa

Mutane da yawa suna zaton ginin ne dungurungum ke zagayawa. Ba haka abin yake ba. Daɓen da aka jera tebura a kai ne kawai ke motsi. An yi shi kamar zobe, yana zaune a kan ƙananan tayoyi da ke bin layin ƙarfe, inji kuma na tura shi. Tsakiyar ɗakin, inda kicin da lif da banɗaki suke, tana nan daram. A wurare da dama tagogin gilashin ma ba sa motsi.

Juyin ba mai sa jiri ba ne. Galibin irin waɗannan wurare suna ɗaukar tsakanin rabin awa zuwa awa biyu kafin su kammala zagaye guda, gwargwadon lokacin da mutum zai ɗauka ya ci ya sha ya yi hira. Ruwan da ke cikin kofi ko girgiza ba ya yi.

Abin mamakin shi ne ƙanƙantar injin da ake buƙata. Gidan abincin hasumiyar Space Needle da ke Seattle a Amurka, wanda aka buɗe a 1962, da inji mai ƙarfin doki 1 kacal ya fara juyawa. Injin ban-ruwan da manomin rani ke dasawa a bakin fadama a Kurmin Kogi ko Hunƙuyi ya ninka shi ƙarfi. Sirrin yana wajen daidaita nauyi da santsin tayoyin.

Tunanin kansa ya daɗe. Marubucin tarihin Rum, Suetonius, ya ba da labarin wani zauren cin abinci a fadar Sarki Nero da ke juyawa dare da rana, kuma a 2009 masu tonon kayan tarihi suka sanar da gano abin da suke kyautata zaton harsashinsa ne. A zamanin nan, hasumiyar Florian da ke Dortmund a Jamus ta buɗe nata a 1959. Wani mai zanen gine-gine Ba'amurke, John Graham, ya yi irinsa a Honolulu a 1961, sannan ya sa hannu a na Seattle. Daga nan birane suka shiga gasa.

Inda matafiyanmu ke cin karo da shi

Bahaushe matafiyi zai iya cin karo da ɗakin cin abinci mai juyawa a waɗannan birane uku.

Na farko Dubai. A unguwar Deira, inda 'yan kasuwar Kano ke sarin atamfa da gwal da turare, akwai gidan abinci na Al Dawaar a hawa na 25 na otal ɗin Hyatt Regency. Sunan ma da Larabci yana nufin mai juyawa. Daga can ana hango teku, da mashigin ruwan da jiragen kwale-kwale ke kai da komo, da dogayen benayen sabon Dubai daga nesa.

Na biyu Alƙahira, inda ɗalibai da masu neman magani ke yawan zuwa. Hasumiyar birnin mai tsawon mita 187 tana kan tsibirin da ke tsakiyar Kogin Nilu, an kammala ta a 1961 zamanin Gamal Abdel Nasser. Ranar da gari ya yi wasai, ana hango dalar Giza daga samanta.

Na uku Kuala Lumpur a Malesiya, wani birnin da ɗaliban Najeriya suka sani sosai. Hasumiyarsa mita 421 ce, gidan abincin kuma yana mita 282 daga ƙasa. Ban da karɓar baƙi, tana cikin wuraren da hukumomin ƙasar ke hawa duban jinjirin watan Ramadan.

A kudu da Sahara ma akwai. Birnin Durban na Afirka ta Kudu yana da gidan abinci na Roma a hawa na 32 na wani bene da ke kallon tashar jiragen ruwa.

Ɗebi da kanka

Wasu daga cikin waɗannan wurare tsarin ɗebi-da-kanka suke bi. Kuɗi ɗaya mutum zai biya, ya ɗauki faranti ya zagaya kulolin da aka jera: shinkafa iri-iri, gasasshen nama, kifi, ganyaye, 'ya'yan itace, kayan zaƙi. Tsarin ya dace da wurin, domin kicin ɗin da ke can sama ƙarami ne. A wasu wurare galibin aikin a ƙasa ake yin sa, a hauro da shi ta lif.

Baƙo na farko yakan sha ɗan ruɗani. Idan kulolin suna ɓangaren da ba ya motsi, kafin ya gama cika faranti teburinsa ya yi gaba, sai ya tsaya yana waige-waigen 'yan tafiyarsa. Wanda kuma ya ajiye waya ko jaka a bakin taga, zai ɗago ido ya ga ta koma wajen wasu baƙi, sai ma'aikaci ya biyo shi da ita.

Waɗanda suka saba sukan kama wuri ana saura kamar awa guda magariba. Ta haka mutum zai ga gari da hasken rana, ya ga faɗuwarta, ya kuma ga fitilu sun kunnu, duk a zama ɗaya. Teburin bakin taga yakan fi tsada, kuma sai an kama shi tun da wuri.

Musulmi yana da nasa abubuwan lura. Alƙibla ba ta tsayawa wuri ɗaya a daɓen da ke juyawa, don haka sallah sai an koma ɓangaren da ke tsaye ko an sauka masallacin ginin. Mai azumi kuma ya sani cewa rana tana jinkirin faɗuwa ga wanda ke can sama. A 2011 malamai a Dubai suka shawarci mazauna hawa na 80 zuwa sama a Burj Khalifa da su ƙara minti 2 kafin su sha ruwa, na hawa na 150 zuwa sama kuma minti 3. A ƙasashen da ba na Musulmi ba, tambaya game da yanka da kayan haɗin miya wajibi ce.

Sai batun ɓarna. Tunda kuɗin ba ya ƙaruwa, haɗama takan sa a tula abin da ciki ba zai ɗauka ba, ragowar ta ƙare a shara. Wannan ya sa wasu gidajen abinci ke cin tarar wanda ya bar faranti a cike. Dabarar ita ce a ɗebi kaɗan, a koma in an so ƙari.

Shugabanni biyar, tebur bai motsa ba

Hasumiyar Abuja ɓangare ce ta wani babban aiki da ya haɗa da Cibiyar Al'adu ta Ƙasa, da dandali, da wurin ajiye motoci a ƙarƙashin ƙasa. Ɗan Italiya Manfredi Nicoletti ne ya zana ta, kamfanin Salini ya karɓi ginin. An soma ne zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, lokacin Malam Nasir El-Rufa'i na ministan Abuja, da burin a gama a 2011, shekarar da birnin ke cika shekara 20 da zama fadar gwamnati.

Shekarar ta zo ta wuce. Gangar jikin hasumiyar ta kai tsayin da aka tsara, daga nan aiki ya dinga tafiyar hawainiya saboda ƙarancin kuɗi, har ya tsaya. Nicoletti ya mutu a 2017 bai ga an buɗe ta ba. Obasanjo, 'Yar'aduwa, Jonathan, Buhari, ga Tinubu: shugabanni biyar ke nan aikin ya gani. A 2023 ministan Abuja, Nyesom Wike, ya ziyarci wurin, ya yi alƙawarin kammalawa cikin shekara 2.

Kowace shekarar jinkiri tana da farashi. Siminti da ƙarfe sun tashi, darajar naira ta faɗi, kuma lif da gilashi da na'urorin juyawa duk da kuɗin waje ake sayo su. Abin da aka riga aka kashe kuwa yana tsaye a rana da ruwa, ba ya dawo da ko kwabo.

Ra'ayi ya rabu a kan mafita. Wasu na ganin ƙasar da ke fama da tsadar abinci ba ta da hujjar zuba dukiyar jama'a a wurin da sai mai hannu da shuni zai iya shiga. Wasu kuma na cewa barin ginin haka shi ne asara mafi girma, gara a miƙa wa 'yan kasuwa su ƙarasa, su gudanar, gwamnati ta karɓi rabonta.

Juyawar ba ita ce wuya ba

Ko da an kammala gobe, akwai sauran aiki. Tarihin irin waɗannan wurare cike yake da waɗanda suka buɗe da ganguna suka rufe shiru. Gidan abincin hasumiyar gidan waya ta Landan ya rufe a 1980. Na saman cibiyar taro ta Kenyatta a Nairobi, wadda aka buɗe a 1973, ya yi tashe sannan ya daina juyawa.

Abin da ke kashe su yawanci ba ya wuce kuɗin kula da wuri. Ana buƙatar wutar da ba ta ƙiftawa, domin babu mai son lif ya tsaya da shi a tsakiyar mita 100. Ana buƙatar injiniyoyin da za su riƙa duba tayoyi da layin ƙarfe, da tanadin kashe gobara da hanyar fitar da mutane. Ana kuma buƙatar baƙi kullum, bayan ɗokin farko ya wuce.

Abuja tana da ƙarin matsala tata. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yakan rufe gari, har Dutsen Aso ya ɓace wa mai kallo. A waɗannan watanni abincin ne kaɗai zai riƙe kwastoma.

Daga fadama zuwa faranti

Wannan abinci kuwa ba a Abuja ake noma shi ba. Tumatir da attaruhu da albasar da otal-otal ɗin birnin ke saye a kasuwannin Dei-Dei da Zuba, daga gonakin Arewa suke fitowa. Arewacin Jihar Kaduna na cikin manyan masu ciyar da wannan hanya: tumatir da barkono daga Ikara da ƙauyukanta irin su Kurmin Kogi, rake da mazarƙwaila daga Maƙarfi, sai inabin Kudan da ya yi suna a 'yan shekarun nan.

Kayan suna bin Zariya da Kaduna a cikin kwanduna, a bayan motocin da ba su da na'urar sanyi. Wanda ke ƙasan lodi yakan isa a farfashe. Lokacin kaka kwando yakan faɗi har manomi ya rasa kuɗin mota, da damina kuma ya yi tsadar da uwargida ke komawa ga busasshen kauɗa.

Mutanen Ikara sun san labarin ginin da ke jiran a tashe shi. A garinsu akwai kamfanin sarrafa tumatir da gwamnatin jiha ta kafa a 1981 domin ya sha rarar amfanin gona. Ya sha tsayawa na tsawon shekaru, a farfaɗo da shi, ya sake yin shiru. A 2016 kuma tsutsar nan ta Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir.

Gidan abinci na ɗebi-da-kanka yana son kaya iri ɗaya, masu kyau ɗaya, kowace rana a shekara. Idan manomin gida ba shi da ɗakin sanyi da hanya mai kyau da mai saye tsayayye, otal zai koma ga tumatirin gwangwani da inabin da aka shigo da shi daga waje. Idan kuwa an haɗa su da kwangila, wuri ɗaya mai cin mutum ɗaruruwa a dare zai iya riƙe ƙungiyar manoma guda.

Hawa sama a kalli gari ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kanawa suna hawa Dala da Goron Dutse, Zazzagawa suna da Kufena, Katsinawa suna da Hasumiyar Gobarau tun ƙarnoni da suka wuce. Masu kallo ba za su yi wuya ba ranar da aka buɗe ƙofa.

Kafin wannan rana, faifan yana nan a sararin Abuja babu tebur babu kujera, motocin tumatir daga Ikara kuma suna ci gaba da sauke lodi a Dei-Dei kafin gari ya waye.