Idon Jama'a da Hijirar Malam-Buɗe-Littafin Monak

Kowace shekara, daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, miliyoyin malam-buɗe-littafi na jinsin da ake kira Monak sukan tashi daga kudancin Kanada da arewacin Amurka su nufi tsaunukan tsakiyar Meksiko. Tafiyar takan kai kilomita 4,000, mai yin ta kuwa ƙwaro ne mai nauyin kusan rabin giram. Babu ɗaya cikinsu da ya taɓa ganin inda za shi, domin waɗanda suka baro Meksiko a watan Maris kakanninsu ne na nesa, sun mutu tun tuni. Mafi yawan abin da aka sani game da wannan hanya idon jama'a ne ya tara shi: malaman makaranta da ɗalibansu, manoma, da dattawa masu lambu a bayan gida. Amma shaidar ido ba ta da daraja sai in mai ita ya san abin da ya gani. Shi ya sa nake ganin koyon tantance Monak aikin ilimi ne sosai, ya kuma cancanci a koyar da shi da natsuwa.

Tarihi na goyon bayan wannan magana. Fred Urquhart na Jami'ar Toronto da matarsa Norah sun shafe kusan shekara 40 suna neman inda Monak ke cin lokacin sanyi. Da suka ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai suka nemi dubban 'yan sa-kai su riƙa manna ƙananan takardu masu lamba a fukafukin ƙwaron. A Janairun 1975 Kenneth Brugger da Catalina Aguado suka hau wani tsauni a yankin Micowakan na Meksiko, suka tarar da itatuwan oyamel sun cika maƙil da Monak. Mutanen ƙauyukan nan sun daɗe da sanin zuwan baƙin nasu a farkon Nuwamba, daidai lokacin bikin tunawa da mamata, sai dai ba su san daga ina suke ba. Mutanen arewa kuwa tashinsu kawai suke gani. Lambar da ke kan fukafuki ce ta haɗa sanin biyu, lokacin da aka tsinci wani Monak a dajin ɗauke da shaidar jihar Minesota. Tun 1992 shirin Monarch Watch na Jami'ar Kansas ke ci gaba da wannan aiki.

Tantancewar kanta tana bukatar ido mai haƙuri. Monak launinsa ruwan goro ne, jijiyoyin fukafukinsa baƙaƙe, gefensa baƙi mai layi biyu na fararen ɗigogi, faɗinsa idan ya buɗe santimita 9 zuwa 10. Namiji yana da baƙin tabo ɗaya a kan kowane fukafukin baya, jijiyoyinsa sirara; na mace sun fi kauri, ba ta kuma da tabon. Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne wani malam-buɗe-littafi mai suna Baisroi, amma kama da wane ba ta wane. Baisroi ya fi ƙanƙanta, kuma akwai wani baƙin layi da ya ratsa jijiyoyin fukafukinsa na baya, wanda Monak ba shi da shi. Tashinsu ma ya bambanta: Monak yakan kaɗa fukafuki a hankali sannan ya sulale da su a ɗage sama, Baisroi kuwa kaɗawarsa sauri-sauri ce, yana sulalewa da su a shimfiɗe. Baisroi ba ya hijira, tsutsarsa ce ke naɗe kanta cikin ganye ta ci sanyi a inda take. Duk wanda ya rubuta shi a matsayin Monak ya sa matafiyi a taswira inda babu shi.

Kamannin ba na banza ba ne. Tsutsar Monak ba ta cin komai sai ganyen tsirrai masu farin ƙaro, dangin tumfafiya, tana kuma ajiye dafinsu a jikinta har ta zama ƙwaro. Binciken Lincoln Brower ya nuna tsuntsun da ya ci irin wannan Monak yakan yi amai, daga nan ya guji duk mai wannan launi. A 1991 aka nuna Baisroi ma ba ya ciwuwa da daɗi, ke nan gargaɗin na haɗin gwiwa ne. A ƙasar Hausa akwai ɗan'uwan Monak na jini, ruwan goro mai baƙi da fari a ƙarshen fukafuki, wanda tsutsarsa ke cin tumfafiya da irin wannan dabara.

Za a ce 'yan sa-kai suna kuskure, kuma sukan taru ne inda mutane suke, ba inda ƙwari suka fi yawa ba. Gaskiya ne, amma babu wata jami'a da ke da ma'aikatan da za su tsaya a kowace gaɓar tafki da kowace gona daga Ontariyo zuwa Teksas cikin mako guda. Kuskuren da aka san asalinsa ana iya rage shi: hoton waya yana nuna layin Baisroi ƙarara, mai manna lamba kuma sai ya riƙe ƙwaron a hannu ya rubuta jinsinsa. Maganin shaidar da ba ta cika ba shi ne horar da mai shaida.

Za a kuma ce wahalar ta fi ƙwaron. Alƙaluma ne za su ba da amsa. A Meksiko ana auna faɗin dajin da Monak ya rufe: hekta 18.19 a sanyin 1996 zuwa 1997, hekta 0.67 a na 2013 zuwa 2014, hekta 0.9 a na 2023 zuwa 2024. A gaɓar Kalifoniya, inda Monak na yamma ke taruwa, 'yan sa-kai na ƙungiyar Xerces sun ƙirga sama da miliyan ɗaya a 1997, ƙasa da 2,000 a 2020, sai kusan 250,000 a 2021. Wanda ya dubi shekara ɗaya zai yanke hukuncin da bai dace ba, ko na fid da rai ko na sakankancewa. Ƙirga na shekaru da dama ne kaɗai ke nuna inda aka dosa. A kan irin waɗannan bayanai ƙungiyar IUCN ta sa Monak mai hijira cikin masu fuskantar ƙarewa a 2022, ta kuma sassauta matakin a 2023.

Har yanzu masana na jayayya kan sanadin raguwar. Wasu sun ɗora laifin a kan maganin ciyawa da ya kawar da abincin tsutsar daga gonakin masara da waken soya a tsakiyar Amurka. Wasu sun ce ƙirgan lokacin zafi bai nuna faɗuwa mai tsanani haka ba, don haka asarar tana aukuwa ne a kan hanya, saboda fari da ƙarancin furanni da motocin manyan tituna. Kowace amsa da irin aikin da take bukata da inda za a zuba kuɗi, kuma ba za a raba gardamar ba sai da sahihin labarin abin da ke wucewa a watannin Satumba da Oktoba. Saboda haka abin da za a koya wa mai kallo kaɗan ne, amma ba ya son ragi: ya dubi fukafukin baya, ya rubuta rana da wuri da adadi da inda suka fuskanta, ya ɗauki hoto in ya samu hali, in kuma bai tabbatar ba ya rubuta cewa bai tabbatar ba. A kan irin wannan riƙon amana ake gina hukuncin da ya shafi ƙasashe uku.