Baragurbi a injin ƙyanƙyasa: amsar tana cikin ƙwan da bai fashe ba

Daga Zangon Kwatano zuwa Agblangandan da Ekpè da Djrègbé a yankin Sèmè-Kpodji, kiwon kaji a bayan gida ya zama jari na biyu a gidajen 'yan kasuwarmu da dama. Maigida na kasuwa ko yana kan hanyar Krake, uwargida da yara na lura da akurki. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 ya nuna wa kowa hatsarin dogaro da sana'a ɗaya. A 2023 kuma gwamnatin Benin ta sanar da niyyarta ta hana shigo da daskararrun kaji da ƙwan ci daga ƙarshen 2024, abin da ya ƙara wa mutane kwaɗayin kiwon gida. Shi ya sa ƙaramin injin ƙyanƙyasa ya samu shiga.

Sai dai kukan da ake ji kusan iri ɗaya ne. An zuba ƙwai talatin, an yi kwana 21 ana gadin wuta, aka tashi da 'yan tsaki biyar ko shida, saura duk baragurbi. Nan sai zargi ya tashi: wani ya ce injin ne jabu, wata ta ce ai kambun baka ne tunda maƙwabta sun leƙa, maigida ya ce yara ne suka yi ta buɗewa. A kwashe ƙwan a watsar a bola, a sake zuba wani, a sake yin asara. To ai amsar tana cikin ƙwan nan da aka zubar. Kowane ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba yana nuna lokacin da abu ya lalace, lokacin kuma shi ke nuna dalili.

Tun kafin a kunna inji

Asara da yawa a hannu ake sayo ta. Ƙwan kiret da ake sayarwa a kasuwa ko a shagon unguwa daga gonakin kajin ƙwai yake fitowa, inda babu zakara ko ɗaya. Irin wannan ko shekara ya yi a inji ba abin da zai fito. Ƙwan ƙyanƙyasa sai daga garken da ke da zakara lafiyayye, kamar zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma. In zakaran ya tsufa, ko kajin sun yi masa yawa, ko zafin rana ya galabaitar da shi, za a samu ƙwai da yawa fanko.

Sai shekarun ƙwan, wato kwanakinsa. Wanda ya wuce mako ɗaya da nasawa ƙarfinsa ya fara raguwa. A ƙasashen sanyi ana ajiye shi a wurin da zafi bai wuce digiri 13 zuwa 18 ba. Mu nan bakin teku ɗakunanmu sun fi haka zafi nesa ba kusa ba, kuma da zafi ya haura digiri ashirin da 'yan kai sai ɗan halittar da ke ciki ya fara motsi ba bisa ƙa'ida ba, ya raunana tun bai shiga inji ba. Saboda haka a wurinmu gara kada ƙwai ya wuce kwana huɗu zuwa biyar. A ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi, tsinin yana ƙasa, faffaɗan kan yana sama. Kada a saka shi a firji, sanyin ya yi masa yawa.

Hanya ma tana kashe ƙwai. Wanda aka ɗauro a bayan zemijan, ko aka yi oda daga Arewa ya kwana biyu a mota yana girgiza cikin rana, ya riga ya jigata. In ya iso a bar shi ya huta tsawon yini ɗaya kafin a zuba. A ware mai tsaga, da mai siririn ɓawo, da wanda ya cika girma ko ƙanƙanta. Mai kashin kaza kuwa a goge shi da busasshen ƙyalle, ko a mai da shi kicin. Wanki da ruwa yana cire wani siririn rufi da ke jikin ɓawo, ƙwayoyin cuta su bi ta dubban ƙananan ƙofofin da ƙwai ke numfashi da su, su shige ciki.

Zafi da maganar wuta

Injin da ke da fanka a ciki yana son digiri 37.5. Wanda ba shi da fanka, kamar na kwali ko tsohon firji da ake haɗawa a gida da ƙwan fitila, ana neman kamar 38 zuwa 39 a daidai saman ƙwan. Lambar da ke haskawa a goshin inji ba kullum take faɗin gaskiya ba. A sayi tamomita irin ta auna zazzaɓi a kemis, a ajiye ta daidai tsayin ƙwai, a kunna injin ba komai a ciki kwana ɗaya cur, a gwada lambobin biyu. Ranar ƙyanƙyasa ma shaida ce: in 'yan tsaki sun fito tun kwana na 19 ko na 20, zafi ya yi yawa; in sai 22 ko 23 suka fara fasawa, ya yi kaɗan.

Abin da ya fi tsorata mutane shi ne ɗaukewar wuta, ko kuran kamar yadda 'yan'uwanmu na Nijar ke faɗa. Amma sanyi na 'yan awanni ba ya kashe ƙwai yadda zafi ke kashe shi. Kaza ma tana tashi daga kwanci ta je kiwo ta dawo. In wuta ta tafi, kada a buɗe murfi. A lulluɓe injin da bargo, a bar ƙofofin iska. In abin ya daɗe a jingina goran ruwan ɗumi naɗe da tsumma. Kada a kusanto da gawayi ko hayaƙin janareta. In wuta ta dawo a ci gaba, a haska ƙwan bayan kwana uku a ga masu rai. Mai hali ya haɗa da batir ko ƙaramar sola tun farko, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Zafi kuwa ba ya ba da rance. In ya haura digiri 40 ya daɗe a haka, an gama. Injin da aka ajiye kusa da taga, ko a ɗaki mai rufin kwano ba silin, a watan Fabrairu da Maris, yana iya wuce ƙima da tsakar rana ba wanda ya sani.

Laimar bakin teku daban take

Nan ne wanda ya koyi aikin a Kano ko Maraɗi ya fi tuntuɓe. Ƙwai yana buƙatar ya rage ruwan jikinsa a hankali, kimanin kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari na nauyinsa kafin kwana na 18. Wannan raguwar ce ke buɗe gurbin iska a faffaɗan kan, inda ɗan tsako zai fara zura baki ya shaƙi numfashin farko kafin ya fasa ɓawo. Ana son laima ta tsaya kashi 50 zuwa 55 a kwana 18 na farko, sannan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe.

A Arewa lokacin hunturu iska a bushe take ƙamas, dole a yi ta cika farantin ruwa. Sèmè-Kpodji kuwa tsakanin teku da tafki take, ga damina biyu a shekara, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Iskar da ke shiga injin da ruwanta take zuwa. In aka bi takardar da ta zo da inji ido rufe, aka cika kowane faranti, ƙwan ba zai rage ruwa ba, gurbin iska ya tsaya ƙarami, ɗan tsako ya girma sosai amma ya shaƙe a ciki rana ɗaya ko biyu kafin fitowa. Da damina sau da yawa ruwa kaɗan ya isa a makonni biyun farko. In ɗan hunturun nan na Disamba da Janairu ya sauko sai a ƙara.

Ɗan kasuwa bai rasa sikeli. A zaɓi ƙwai goma a yi musu alama da fensir, a auna su tare ranar zubawa. In sun ba da giram 400, to ranar 18 ana son a ga wajen giram 350. A auna a rana ta 7 da ta 14 a ga inda aka dosa. In raguwar ta yi kaɗan a rage ruwa a ƙara buɗe ƙofar iska. In ta yi sauri a ƙara ruwa.

Juyi da kwana ukun ƙarshe

Kaza mai kwanci tana juya ƙwanta da baki dare da rana. In injin ba mai juyawa da kansa ba ne, a juya da hannu aƙalla sau uku a rana, biyar ya fi, don kada ɗan tsako ya manne a ɓawo. A rubuta alama a gefe biyu da fensir don a san wanda aka juya, a wanke hannu kafin a taɓa. Aikin a damƙa shi ga mutum ɗaya. In aka bar wa kowa, sai a wayi gari Yaya ta ce ta zaci Inna ta juya, Inna ta ce ta zaci yaran sun yi.

Daga kwana na 18 a daina juyi, a ƙara ruwa, a rufe inji. Nan ake son haƙuri. Da an ji kukan ɗan tsako na farko sai gida ya taru, kowa na son a buɗe ya gani. Kowane buɗi yana fitar da laima, fatar cikin ƙwan da ya riga ya tsage ta bushe ta naɗe ɗan tsako kamar leda. Daga tsagawar farko zuwa fitowa yana iya ɗaukar awa 12 zuwa 24, yana hutawa yana janye sauran gwaiduwa cikin cikinsa. Wanda ya ɓare masa ɓawo don tausayi yakan tsinka jijiyar jini. Waɗanda suka fito kuma ba yunwa suke ji ba, gwaiduwar nan tana riƙe su kwana ɗaya zuwa biyu. A bar su su bushe a ciki.

Yadda ake karanta ƙwai

Tocilan waya da ɗaki mai duhu sun isa. A kwana na 7 a ɗora faffaɗan kan ƙwai a kan hasken. Mai rai za a ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo. Wanda ya yi fayau ba komai, fanko ne. Mai zoben jini a zagaye ya fara ya mutu. A cire waɗannan biyun, domin ruɓaɓɓen ƙwai yana iya fashewa ya ɓata saura. A sake dubawa a rana ta 14 da ta 18.

Bayan kwana 23, waɗanda suka rage a fita da su waje, a sa leda a hannu, a fasa su ɗaya bayan ɗaya ta faffaɗan kan. In gwaiduwa ce kawai ba ɗigon jini, a binciki zakara ko wanda ya sayar da ƙwan. In akwai jini ko ɗan abu kamar ƙwayar wake, mutuwar makon farko ce, sai a duba kwanakin ƙwan, da hanyar da ya biyo, da zafi. In ɗan tsako ne rabin girma, a duba juyi, da tsabta, da abincin iyayen: kazar da ba ta samun komai sai dusa da ragowar tuwo ba za ta zuba wa ƙwai abin da zai kai ɗa ƙarshe ba, tana buƙatar ganye, da abinci mai gina jiki, da dakakken ɓawon kawa ko ƙashi. In kuwa cikakken ɗan tsako ne da gashinsa, a jiƙe jagab, gurbin iska ƙarami, laima ce ta yi yawa. In ya tsaga ɓawo ya maƙale a bushe, laima ta yi kaɗan ko an yi ta buɗe murfi. Bayan an gama a binne su, a wanke hannu da sabulu, a wanke inji ya bushe kafin zubi na gaba.

Maganar cuta ma ba ta wasa ba ce a wannan yanki. A watan Agusta na 2021 hukumomi sun tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Sèmè-Kpodji da Abomey-Calavi. Kada a sayi ƙwai daga garken da kaji ke mutuwa, komai arharsa, kuma in kaji suka fara zubewa a gida a sanar da likitan dabbobi.

Kada kuma a haɗa ƙwan kaza da na zabo ko agwagwa rana ɗaya a sa ran su fito tare. Zabo na ɗaukar kwana 26 zuwa 28, agwagwar gida mai jan fuska kwana 35. Wanda ƙwansa bai wuce goma ko sha biyu ba, kazar Hausa mai kwanci ta ishe shi, ba ruwanta da wuta. Mai son faɗaɗa harkar kuwa, cibiyar Songhaï da Fada Godfrey Nzamujo ya kafa a Porto-Novo a 1985 tana koyar da noma da kiwo, kuma ba nisa daga nan.

Ba wanda ke samun ɗari bisa ɗari. In cikin ƙwai goma masu zakara an samu bakwai ko takwas, an yi abin kirki. Wanda ke ƙasa da haka ya buɗe shafi a littafin lissafinsa: ranar zubi, inda aka sayo ƙwan, nauyinsa, awannin da wuta ta ɗauke, da abin da aka gani a cikin waɗanda aka fasa. A zubi na gaba ya gyara abu ɗaya kawai, ya ga bambanci. Allah ya sa wa kiwo albarka.