Asirin da Tsohuwar Talabijin Ta Rufa wa Na'urorin Wasa

Tun da naɗar wasannin bidiyo domin ɗorawa a YouTube da Twitch ta zama sana'a, masu riƙe da tsofaffin na'urori irin su Super Nintendo, Mega Drive da PlayStation ta farko suke kokawa da matsala iri ɗaya. Wasan da aka sayo daga Japan ko Amurka yana fitowa tas a tsohuwar talabijin mai doro, amma da an haɗa shi da na'urar naɗar hoto sai launi ya ɓace, ko hoton ya riƙa birgima, ko allon ya yi baƙi ƙirin. Nan take akan ɗora laifin a kan na'urar naɗa ko wayar haɗi. A ganina galibi babu abin da ya lalace. Waɗannan na'urorin wasa dama can ba su cika bin ƙa'idar siginar talabijin ba, tsohuwar talabijin ce take rufa musu asiri, ita kuwa na'urar naɗa ba ta san sassauci ba.

Tushen abin shi ne yadda duniya ta rabu a kan talabijin. Amurka ta tsayar da tsarin launi na NTSC a 1953, Japan ta bi ta: layuka 525, hoto yana sabuntawa sau 59.94 a daƙiƙa, launi yana tafiya a kan mitar megahaz 3.58. Tsarin PAL, wanda Walter Bruch ya ƙirƙiro a kamfanin Telefunken, ya fara aiki a Birtaniya da Jamus ta Yamma a 1967 da layuka 625, sabuntawa sau 50, mitar launi kuma 4.43. Najeriya ta ɗauki PAL, Nijar ta bi SECAM na Faransa. Kowane kamfanin wasa ya ƙera na'urarsa daidai da yankin da zai sayar da ita, ya kuma kulle ta don kada ta karɓi wasan wani yanki. Masu gyara suka iya buɗe kullen ta hanyar dasa ɗan cif a ciki, kuma da haka ne Winning Eleven na Japan ya cika gidajen gem a Najeriya.

Sai dai cif yana buɗe ƙofa ne kawai, ba ya sauya kayan da aka gina na'urar da su. Idan PlayStation ta Turai ta kunna faifan Japan, wasan zai sa ta gudu sau 60 a daƙiƙa, alhali ɓangaren da ke harhaɗa launi an shirya shi ne domin Turai. Abin da ke fita ta jar waya da fara da rawaya ruwa biyu ne: saurin wani yanki, launin wani. Talabijin mai karɓar tsari daban-daban takan gane shi. Na'urar naɗa mai arha, wadda aka ce mata ko dai PAL ko NTSC, za ta kama hasken hoton ta kasa karanta launinsa, shi ya sa ake ganin baƙi da fari. Wannan alamar kaɗai ta isa ta nuna inda ciwon yake. Wani lokaci maganin bai wuce zaɓar PAL60 ko NTSC 4.43 a cikin manhajar naɗa ba, in na'urar ta san su. Hanya mafi tabbas ita ce wayar RGB, wadda ke kai ja da kore da shuɗi kowanne ta hanyarsa, don haka batun mitar launi ba ya ma tasowa. Amma a kula: filogin wannan waya iri biyu ne, SCART na Turai da JP21 na Japan, kamarsu ɗaya, ƙafa 21 kowanne, jerin wayoyin ciki ne ya bambanta, kuma haɗa su da kuskure na iya ƙona kaya.

Matsala ta biyu ta fi zurfi, domin tana nan ko da na'urar da wasan 'yan yanki ɗaya ne. Talabijin tana raba hoto gida biyu, ta zana layukan farko, sannan ta dawo ta cike gurbin da ta tsallake. Injiniyoyin Nintendo da Sega sun yi wa wannan dabara: suka sa na'urorinsu suna maimaita zane a kan layuka ɗaya, abin da ake kira 240p. Babu wannan a cikin ƙa'idar gidajen talabijin, don haka na'urar naɗa ko dai ta ƙi shi, ko ta ɗauke shi a matsayin 480i, wato wancan hoton da ake rabawa gida biyu, ta shiga gyara abin da bai lalace ba, hoton ya dagule. Saurin ma ba daidai yake ba. Super Nintendo ta Amurka da Japan tana sabunta hoto kusan sau 60.1 a daƙiƙa. Tsohuwar talabijin tana bin duk saurin da aka ba ta, amma mai naɗa a kan 60 daidai sai ya zubar da hoto ɗaya kusan duk bayan daƙiƙa goma. Wasa kamar Chrono Cross, wanda bai fita a Turai ba a zamanin PlayStation ta farko, yana komawa 480i duk lokacin da aka buɗe shafin zaɓi, na'urori da yawa kuma sukan ɗauke hoto na wasu daƙiƙu kafin su farfaɗo.

Mai karatu zai iya cewa, to, me ya hana kowa ya tsaya a kan wasan yankinsa? Amsar tana cikin lissafi. Wasanni da yawa da aka kai Turai ba a daidaita su da sau 50 ba, suna gudu ƙasa da na asali da kusan kashi 17 cikin ɗari, ga baƙaƙen sarari sama da ƙasa. Sonic na farko har kiɗansa ya yi nauyi. Lokacin da Sony ta fitar da PlayStation Classic a 2018 da wasanni tara daga cikin ashirin a sigar PAL, ta sha suka sosai. Masu tseren kammala wasa kuma sukan nemi sigar Japan saboda rubutunta na wucewa da sauri, su ne kuma suka fi kowa buƙatar bidiyon da zai zama hujja.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na masu cewa a yi amfani da manhajar kwaikwayo a kwamfuta a huta. Ga mai son nishaɗi kawai, suna da gaskiya, kuma ya fi arha nesa ba kusa ba. Amma manhaja tana nuna yadda ake zaton na'urar take ne, kuma daga bidiyo da awon na'urar asali ake gane inda ta yi kuskure. Masu cewa a sayi na'urar naɗa mai tsada kuwa sun ɓata hanya, domin tsada ba ta koya wa na'ura karɓar abin da ya saɓa ƙa'ida.

Kasuwa ta gane haka, shi ya sa kuɗin ya koma kan na'urorin da ke shiga tsakani: Framemeister na kamfanin Micomsoft na Japan, OSSC na Markus Hiienkari ɗan Finland, da RetroTINK na Mike Chi. Kowannensu da abin da ake sadaukarwa. OSSC tana ninka layuka nan take ba jinkiri, amma tana miƙa saurin 60.1 yadda yake, wasu na'urorin naɗa su ƙi shi. RetroTINK-5X, wadda ta fito a 2021, na iya tara hotuna ta fitar da su a daidaitaccen sauri, sai dai motsin kan ɗan yi tsalle jefi-jefi. Shi ya sa masu abin suka saba raba siginar biyu, su buga wasan a kan tsohuwar talabijin, su aika ɗayan reshen zuwa kwamfuta. Wanda ba shi da kuɗin wannan shiri yakan naɗa da abin da ya samu, kuma irin wannan dagulallen bidiyo ne da yawa daga cikin waɗanda ba su taɓa ganin na'urorin ba suke ɗauka a matsayin ainihin kamannin wasannin shekarun 1990.