Magungunan da ake amfani da su wajen daidaita bugun zuciya

Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa. Idan bugun ya yi sauri fiye da ƙima, ko ya yi jinkiri, ko ya rikice, mutum kan ji faɗuwar gaba, jiri, ƙarancin numfashi, wani lokaci har suma. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda likitoci ke kira atrial fibrillation, kuma hawan jini na daga cikin manyan abubuwan da ke haddasa shi.

Magungunan wannan matsala sun kasu kashi uku, kowanne da aikinsa.

Kashi na farko yana rage saurin bugun. A nan ake samun bisoprolol, metoprolol, diltiazem, verapamil da digoxin. Masu ciwon asma su sanar da likita kafin a rubuta musu irin su metoprolol, domin suna iya tsananta matsalar numfashi. Digoxin kuwa ta ƙoda yake fita, don haka yakan taru a jikin mai ciwon ƙoda har ya zama guba.

Kashi na biyu yana mayar da bugun bisa tsarinsa. Amiodarone na da ƙarfi sosai, amma shan sa na tsawon lokaci kan iya taɓa huhu, hanta da halittar thyroid da ke wuya, saboda haka ana bibiyar mai shan sa da gwaje-gwaje. Flecainide kuma ba a ba wanda ya taɓa samun bugun zuciya mai tsanani sakamakon toshewar jijiya.

Kashi na uku shi ne magungunan hana daskarewar jini, kamar warfarin, apixaban da rivaroxaban. Ba sa gyara bugun, amma suna kare mutum daga shanyewar ɓarin jiki, wanda haɗarinsa kan ninka kusan sau biyar ga mai atrial fibrillation. Mai shan warfarin na buƙatar gwajin jini na INR a kai a kai, kuma kada ya sauya yawan ganyen da yake ci, irin su alayyafo da kabeji, farat ɗaya.

Abin lura shi ne, maganin da ke daidaita bugun zuciya shi ma yana iya rikita shi idan aka sha ba bisa ƙa'ida ba. Don haka sai an yi gwajin ECG kafin a zaɓi magani. Kada a daina sha ba tare da iznin likita ba, kuma a sanar da shi duk wani magani da ake sha, har da na zazzaɓin cizon sauro da na gargajiya.