Amfani da Duniyar Kwaikwayo Wajen Nazarin Haɗari da Horar da Ma'aikata

Gabatarwa

A shekarar 2023 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana cewa kusan ma'aikata miliyan 3 ne ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar aiki, kimanin 330,000 daga cikinsu ta hanyar haɗari. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake amfani da duniyar kwaikwayo domin rage wannan asara.

Ma'anar Duniyar Kwaikwayo

Abin da ake nufi da duniyar kwaikwayo shi ne wani wuri da kwamfuta ke zanawa, mutum ya sanya tabarau mai rufe idanu ya ga kansa a ciki. In ya waiwaya, hoton ya juya tare da shi. Ivan Sutherland ya ƙera irin wannan tabarau a Jami'ar Harvard ta Amurka tun 1968.

Nazarin Haɗari

Bayan aukuwar haɗari, masu bincike kan auna wurin, su ɗauki hotuna, su kuma saurari shaidu. Daga nan sai a sake gina wurin a kwamfuta. Mai bincike yana iya zama a mazaunin direban katafila, ya gane da idonsa ko direban zai iya hango leburan da ke bayansa. Ta haka ake bambance sakacin ma'aikaci da kuskuren tsarin wurin aiki, don kada a ɗora laifi inda bai dace ba.

Horar da Ma'aikata

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. A Jihar New South Wales ta Ostareliya ana horar da masu haƙar kwal ta wannan hanya, su koyi gane alamun rufin rami mai shirin ruftawa da neman mafita cikin hayaƙi. Haka nan a 2017 kamfanin UPS ya fara koya wa direbobinsa hango haɗarin hanya da wannan tabarau. Fa'idar ita ce ɗalibi ya yi kuskure, ya ga sakamakonsa, ya maimaita, ba tare da ya ji ko ƙwarzane ba.

Kammalawa

Sai dai tabarau ba ya kawo zafin wuta ko nauyin kaya, kuma yakan sa wasu jiri. Saboda haka wajibi ne a haɗa shi da horo na zahiri. Gyaran injin da ya lalace kuwa yana wuyan mai masana'anta, komai ƙwarewar ma'aikacinsa.