Gaisuwa da rabon magana cikin gurup na WhatsApp

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa riƙon gurup na WhatsApp, na tsofaffin ƴan lakkol ne ko na ƴan gari ɗaya mazauna Yamai, ya san yadda abin yake tafiya. Satin farko saƙonni ba su yankewa. Bayan ƴan watanni sai a tarar mutum huɗu ko biyar kaɗai ke magana, sauran sun yi tsit. A cikin wannan ɗan rubutu muna so mu dubi matsalar ta fuskar ilimin harshe. A ganinmu, abin da masu riƙon gurup suka fi yaƙa, wato gaishe-gaishe, yana cikin abubuwan da ke riƙe mutane.

2. Aikin gaisuwa

A shekarar 1923 Malinowski ya nuna cewa akwai maganar da ba don isar da labari ake yin ta ba, sai don ƙulla zumunci. A 1960 Jakobson ya sa ta cikin ayyuka shida na harshe, kuma masu karatun faransanci sun san ta da sunan fonction phatique. Mu za mu kira ta aikin riƙe zare. Ga misali:

(1) A: Ina gajiya?
B: Babu gajiya.

Ko da B ya wuni gona, amsar ke nan. Babu labarin da ya wuce tsakaninsu, amma kowane ya shaida ma ɗan'uwansa cewa zaren bai tsinke ba. Sai dai irin wannan magana tagwaye ce: rabin farko yana tilasta rabi na biyu, kuma ƙin amsawa shi ma magana ce, mai nauyi.

Nan ne wahalar take. Wanda ya yi sallama cikin gurup kowa da kowa ya yi ma ita. A 2016 gurup ɗaya yana iya ɗaukar mutum 256, a 2022 aka kai adadin 1024. In kashi ɗaya cikin goma na cikakken gurup suka amsa, an samu saƙo ɗari kafin a faɗi komi. Tarho ya cika, kuɗin intanet sun tafi, sanarwar da ake jira ta nutse. Sai mai riƙon gurup ya kafa doka: ban da gaisuwa, ban da barka da juma'a. Ko kuma ya yi amfani da makullin da aka fito da shi a 2018, wanda ke hana kowa rubutu sai shugabanni. Mu ma mun taɓa yin haka cikin wani gurup na ɗalibai. Tsabta ta samu, amma ranar da muka yi tambaya ta gaske babu wanda ya tanka, domin an riga an koya musu cewa wurin allon sanarwa ne.

Abin da aka rasa shi ne ƙofa mafi araha. Yaro a gaban manya, ko baƙo, ko mace cikin taron da maza suka yi yawa, kunya ba ta barin su fara da ra'ayi. Amma kowa yana iya cewa amin ga ta'aziyya, ko barka ga haihuwa. Wanda ya ce amin yau, tambaya za ta yi mishi sauƙi gobe. Don haka gara a tsara gaisuwa bisa ga a hana ta: a ba ta lokacinta, safiya ko juma'a, a kuma tuna ma jama'a abin da malamai ke cewa, wato in mutum ɗaya ya amsa sallama ya ɗauke ma sauran.

3. Wa ke ba wa magana?

Sacks da Schegloff da Jefferson sun bayyana a 1974 yadda magana ke zagayawa cikin hira: ko mai magana ya zaɓi na gaba, ko wani ya zaɓi kansa, ko mai maganar ya ci gaba. A fadar samari ta Damagaram ko Maraɗi ido ne ke yin zaɓen, kuma kofin shayi yana bi ta kan kowa. Cikin gurup babu ido. Hanya ta biyu ce ta rage, saboda haka masu saurin yatsa da masu ƙarfin hali su ke cinye filin. Jakob Nielsen ya ba da wani kimani a 2006: cikin mutum 100, 90 karatu kawai suke, 9 suna sa baki jefi-jefi, 1 ne ke yin yawancin maganar. Kimani ne, ba doka ba. Kuma mai shiru ba lalle ya tafi ba; a fada shi ne mai cewa to, haka ne, sai dai nan ba a jin shi.

Aikin mai riƙon gurup shi ne ya maido da hanya ta farko. A gwada waɗannan biyu:

(2) Jama'a, mi kuka gani?
(3) Malam Wane, kai da ka yi aiki Tawa, yaya ake yi can?

Ta (2) ba ta ɗora nauyi bisa kowa ba. Ta (3) ta ambaci suna, ta girmama mutum da sanin da yake da shi, ta kuma rage mishi faɗin tambayar. Dabarar ba sabuwa ba ce a Nijar. Ƙungiyar kulob-kulob na rediyo da aka kafa a 1962 haka ta yi aiki: a saurari shiri tare, mai jagorar taro ya bi mutane da na'urar ɗaukar magana, sannan su ji muryarsu ta fito gidan rediyo.

4. Rubutu da murya

Saƙon murya ya shigo WhatsApp a 2013, kuma shi ne ya buɗe ma waɗanda ba su yi lakkol ba ƙofa. Waɗanda suka yi kuwa, da yawansu da ƙa'idar faransanci suke rubuta hausa:

(4) Ina tchikin kassoua, zan tourō koudi.

Ƙa'idar da gwamnati ta tsaida a 1999 tana son cikin, kasuwa, turo, kuɗi. Mu malaman harshe hannunmu yana ƙaiƙayi in mun ga (4), kuma nan ne muke yin ɓarna. Magidancin da aka gyara ma rubutu gaban mutum ɗari biyu ba zai yi gardama ba, zai daina rubutu ne kawai. In gyara ya zama dole, a bi shi ta tarhonsa shi kaɗai, ko a maimaita kalmar daidai cikin amsa ba tare da an nuna ta ba.

Murya ma tana da nata laifi: saƙon minti bakwai ba a iya duba shi da ido ɗaya, kuma wanda ke ofis ko cikin mota ba zai buɗe shi ba. In shawara ta fito ta murya, sai mai riƙon gurup ya taƙaita ta layi biyu a rubuce, tare da sunan mai ita. In ta fito a rubuce, ya karanta ta da murya don waɗanda ba su karatu.